Kamerar Ƙofar Gidana da Lungun Yaya

A shekarar da aka sace mini rago ana saura kwana tara Layya, ɗana na fari, wanda ke aiki a Yamai, ya yanke hukunci cewa ƙofar gidan ubansa ba za ta ƙara zama babu mai tsaro ba. Bai shawarce ni ba. Sanar da ni ya yi, cikin ladabi, kamar yadda ƴaƴan zamani ke yi idan su ne masu biya. Ragon kuwa da rana tsaka aka kwance shi, ina cikin zaure ina gyangyaɗi, kuma har yau ban san wanda ya ci namansa ba. Ni na so a bar maganar a nan, domin rago ba shi ne abu na farko da na rasa a duniya ba. Amma labarin ya riga ya shiga wayoyin dangi, kuma abin da ya shiga can ba ya kwantawa sai an kashe masa kuɗi.

Ya kamata mai karatu ya san ko wane ne aka yi wa wannan gata. Na yi aiki a gidan waya na Dogon Dutsi tun ina saurayi har gemuna ya yi fari. Wasiƙun yankinmu na Arewa ta hannuna suka bi, na Dumega, na Gesheme, na Tibiri, da na ƙauyukan da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Waɗanda ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, ni nake karanta musu tasu a bayan kanta da murya ƙasa-ƙasa, in kuma rubuta musu amsa. Na san wanda ɗansa ke kurkuku a Kwatano alhali ana cewa fatauci yake yi. Na san wadda aka saki a takarda wata uku kafin ta iya gaya wa uwarta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata, Allah ya ji ƙanta, wadda ta yi shekaru tana gwada sa'arta. Da wannan aka san ni a garin nan, kuma ba na ɓoye cewa ina alfahari da shi.

Gidana yana bakin wani ɗan lungu wanda ba ya ɓullewa ko'ina. Gida ɗaya ne a ƙarshensa, na Yaya, ɗiyar wan mahaifina, wadda ta girme ni da shekara shida kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ƴar bori ce. Ta gaji abin a wurin uwarta, uwarta kuma a wurin tata. Ni ban bi wannan hanya ba, na yi allo, na yi lakwal, na je Makka, amma ba mu taɓa ɗaga wa juna murya a kan haka ba. Wanda iska ta taɓa, da wanda doguwa ta hana sukuni, da macen da ciki ke zube mata bayan asibiti ya gama nasa, wurinta suke zuwa. Da abin da suke kawowa take ci: kaza, tiyar hatsi, ƴan kuɗi a ƙulle a gefen zane. Ba ta da gona, ba ta da ɗa a raye.

A da, da goge da ƙwarya ake zuwa wurin irinsu, gari duka yana kallo. Yanzu wa'azi ya yawaita, samari sun yi karatu, mutum ba ya son a ce an gan shi a ƙofar ƴar bori. Zuwan dai bai ragu ba, lokacinsa ne ya sauya. Baƙo zai zaci bayan duhu ake zuwa, amma ba haka ba ne, domin da rana ta faɗi kowa yana waje a kan tabarma, kowace kusurwa da masu shayinta. A Dutsi, wanda ba ya son a gan shi tsakanin azahar da la'asar yake fita, sa'ad da zafi ya kori kowa cikin ɗaki, har karnuka. A wannan sa'a lungun Yaya ke aiki. Ni kuma da zaurena ke kallon bakinsa, na saba sakin asabarin ƙofa da zarar na dawo daga masallaci. Babu wanda ya roƙe ni in yi haka. Maƙwabtaka ce.

Ɗana ya turo wani magidanci mai shagon kayan sola kusa da tasha. Ya hau rufin zaure ya kafa farantin hasken rana, ya ja waya, ya ɗaura wata ƴar farar kamera a bisa ƙofa, girmanta bai wuce ƙoƙon shan fura ba. Ya daidaita ta yadda za ta ga titi da bakin lungu har zuwa ƙofar Yaya, domin a cewarsa ɓarawo lungu yake so. Sa'an nan ya karɓi wayata ya taɓa nan ya taɓa can, sai ga ƙofar gidana a tafin hannuna, da ni kaina tsaye a gabanta ina kallon tafin hannuna. Ya bayyana mini cewa duk mai kodin wannan kamera zai ga abin da take gani, ko yana Yamai, ko yana bayan teku.

"Baba," ya ce, "kodin nan naka ne kai da ɗanka. Shi ne makullin. Kada ka ba kowa."

"Malam," na ce masa, "kana magana da mutumin da ya riƙe asirin Arewa tun ba a haife ka ba."

Ya ce to, Allah ya huci zuciyata, ya rubuta mini lambobin a takarda ya tafi.

Kafin magariba mutum huɗu suna da su. Ɗiyata da ke aure a Gaya ce ta fara kira.

"Baba, wato yayana zai riƙa ganin gida kullum, ni kuwa sai da Salla? Ni ba a gidan aka haife ni ba?"

Na karanta mata. Ɗana kuma ya ba matarsa, abin da ba za a zarge shi a kai ba, matarsa ta ba uwarta, domin surukata ta daɗe tana son ganin irin ginin da ɗiyarta ta aura. Ranar kasuwa sai ga taubashina daga Dumega, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda tun muna yara yake ɗauke mini hula da takalmi a bainar jama'a, al'ada kuma ta hana ni yin fushi.

"Kai bawana," ya ce tun daga titi, "an ce ka sayi aljani ka rataye bisa ƙofa. Ba ni lambar in gani ko kana fita sallar asuba, ko sai hantsi kake ranko."

"Wayarka ma ba za ta iya ba. Irin ta makiyaya ce."

"Ta jikana za ta iya. Kawo, kada in ɗauki takardar da kaina, ka san ina da iko."

Ya kuwa san yana da shi. Na ba shi.

Na sha tunanin yadda aka yi mutum irina ya yi wannan sakaci, kuma na gano cewa a lokacin ban ɗauke shi sakaci ba. Wasiƙar da ke hannuna a gidan waya ta wani ce, hana ta riƙon amana ne, kuma kowa zai yaba. Kodi kuwa nawa ne, a aljihuna yake, ban saya da tsada ba, bayar da shi ba ya rage shi. Abin da yake naka, idan ɗan'uwa ya roƙa ka hana, a wurinmu sunansa rowa, kuma dattijo ya gwammace a ce masa kome da a ce masa marowaci. Mai shagon sola ya kira shi makulli. Ya manta cewa a nan makullin gida a ƙarƙashin tulu yake kwana, kuma duk dangi sun san tulun.

Unguwa ta yi murna. Mai unguwa ya zo da kansa ya tsaya a gaban kamerar ya gyara rawaninsa. Maƙwabcina na dama, Kirista ne, tsohon malamin makarantar mishan, mutumin da muka yi shekara arba'in muna musayar naman Salla da na Kirsimeti, ya roƙi a ɗan karkata ta yadda za ta haɗa da ƙofarsa, inda ɗansa ke ajiye babur ɗin kabu-kabu. Telan da ke fuskantarmu ya ce da kowane gida zai sa irinta, da jandarma sun huta. Kowa ya faɗi magana ɗaya, cewa wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron a gan shi. Telan ne ya fi kowa nanata ta. Shi ne kuma ya dawo bayan kwana biyu ya tambaye ni, kamar abin bai dame shi ba, ko tana jin murya. Na ce ban sani ba. Daga ranar ya daina gaya wa masu ɗinki a bakin shago cewa kayansu sun kusa, sai ya ja su ciki tukuna.

Yanzu zan faɗi abin da ban so faɗa ba. Na ci gaba da sakin asabari bayan azahar, kamar yadda na saba. Sai dai idan na kishingiɗa a bayansa, wayar tana hannuna. Na gaya wa kaina cewa ɓarawon rago nake jira, tun da a wannan sa'a ya zo. Ɓarawo bai dawo ba. Waɗanda suka zo su ne mutanen lungu. Na ga ma'aikaci da jakarsa ta ofis yana waige-waige. Na ga matar wani babban mutum ta sauka daga kabu-kabu nesa da mu ta ƙaraso da ƙafa, fuska a rufe, amma na san tafiyar gidansu. Shekaru na yi ina jin takunsu ta bayan asabari ban san su ba, cikin mako biyu na san su duka. Ban gaya wa kowa ba, kuma na yaba wa kaina a kan haka.

Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, sa'ar da zafi ke korar mutanen Dutsi cikin ɗaki ita ce sa'ar da ma'aikatan Yamai ke hutun cin abinci, ita ce sa'ar da ciniki ke tsayawa a Gaya da Kwanni. Duk wanda kewar gida ta kama, a lokacin yake buɗe waya ya kalli titinmu. Ba mugunta ta kawo su ba. Itacen bedin ƙofar gida, wato dogon yaro, suke son gani, da awakin da ke wucewa. Amma bedi ba ya motsi, mutanen lungu kuwa suna yi.

Akwai wani ɗan kasuwa mai shagon atamfa, mutum mai kimanin shekara talatin da biyar, daga cikin masu tsananta bin sunna. Yana karantar da samari a masallacinsu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya rage masa awo ba. Uwarsa, tsohuwa daga wani ƙauye na wajen Gesheme, ta yi ciwon da asibitin Dutsi da na Doso suka kasa gane kansa. Ta ce a kai ta wurin Yaya. Daga baya na ji cewa ya yi mata nasiha kwana da kwanaki, ta yi ta kuka, ta ce a ƙauyensu ba a taɓa hana mai ciwo wannan ba. Wata rana bayan azahar na gan shi a wayata. Ya ɗauko ta a bayan babur, ya sauke ta a bakin lungu, ya riƙe hannunta suna tafiya a hankali har ƙofar Yaya. Ta shiga. Shi bai shiga ba. Ya tsaya a waje cikin rana, inda babu inuwa ko ta tafin hannu, ya fi sa'a guda, kansa a sunkuye. Na kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma darajarsa ta ƙaru a idona.

Bayan kwana biyu hotonsa yana yawo a wayoyin gari. An yanke shi daga kamerata, kowa ya gane daga tsayin da aka ɗauka. Tsohuwar ba ta ciki. Shi kaɗai ne, da gemunsa da ɗangalallen wandonsa, tsaye a ƙofar ƴar bori, an kuma rubuta wata magana a ƙasa wadda ba zan maimaita ba. Wanda ya yanke hoton ban san shi ba har yau. Na tambayi dangi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse, kuma na yarda da yawancinsu, domin a lokacin kodin ya riga ya wuce dangi ya shiga surukan surukai. Abokan ɗan kasuwan suka daina gabatar da shi a salla, samarin da yake karantarwa suka koma wurin wani.

Ya zo ya same ni a zaure. Ya yi sallama, ya tube takalmi, ya gaishe ni yadda ya kamata.

"Baba, ban zo yin ƙorafi ba. Tambaya ɗaya ce. Kai ma ka gani ranar?"

Na ce na gani.

"To ka ga da wa na zo."

"Na gani. In kana so, in je masallacinku in faɗa a gaban kowa."

Ya girgiza kai. Sa'an nan ya ce, "A'a. Gara a bar shi a kaina. Idan ka faɗa, ita za a koma yi wa." Ya yi mini sallama ya fita.

Daga nan lungu ya mutu. Ina kallonsa a waya tsakanin azahar da la'asar, babu kowa sai kaji. A rana ta goma sha ɗaya Yaya ta zo. Ba ta tsaya a zaure ba, ta wuce har tsakar gida ta zauna a kan turmi. Idan tana jin daɗina, ƙanena take ce mini. Idan ba ta ji, Mushe, wato Malam da Faransanci, kamar yadda ƴan ƙauye ke kirana a gidan waya.

"Mushe, ina gajiya."

"Babu gajiya, Yaya. Ina zafi?"

"Zafi ai shi ne kasuwata, kai ma ka sani. Kwana goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya taka lunguna."

"Zai wuce. Mutane suna da mantuwa."

"Mi za su manta, abin yana rataye suna ganinsa? Kai da anka ce ba ka taɓa buɗe takardar kowa ba, yau kai ne ka buɗe lungu ɗungum ka aika Abijan."

"Ban aika ko'ina ba."

"Wa ya ba da lambar?"

Na ce ita ma ta san ba a hana taubashi. Ta ce ta sani, ita ma taubashinta ne, amma ba ta taɓa ba shi sunan mai ciwo ba. Sai na yi kuskuren da ya fi na farko, na ce mata kada ta damu da abinci, muddin ina raye rumbuna nata ne.

Ta miƙe daga kan turmi.

"Ni na goya ka, Mushe. Ban zo roƙon tuwo ba. Waɗanda sunka daina zuwa ba warkewa sunka yi ba, suna gidajensu da ciwonsu. Ka gyara abin da ka ɓata."

Na aika aka kira mai shagon sola. Ya zo da fuskar mutumin da ya yi gaskiya kuma yake da tarbiyyar da ta hana shi tunatarwa. Ya sauya kodin, ya rubuta sabo, ya miƙo mini da hannu biyu. Na yi niyya mai ƙarfi. Ɗana ya kira cikin sa'a guda yana tambaya ko lafiya, gida ya yi duhu a wayarsa. Shi ya sayi abin, na ba shi. Ɗiyata ta kira ba ta yi gaisuwa mai tsawo ba, na ba ta, na ce ita kaɗai. A rana ta uku wan matata marigayiya, dattijon da ya ba ni aure, ya aiko ɗan saƙo takanas a tambaye ni laifin da ya yi mini da na rufe masa ƙofa bayan ƙanwarsa ta rasu. Ban san ma yana da kodin farko ba. A rana ta biyar taubashina ya biya mota daga Dumega don kawai ya zauna a zaurena ya gaya wa masu wucewa cewa bawansa ya yi arziki ya fara tsaron lamba. Kafin mako ya cika, duk mai tsohon kodi ya sami sabo, an kuma ƙaru da mutum biyu da suka ji labarin abin saboda rigimar.

Sai na ce a cire ta gaba ɗaya. Ɗana ya yi mini magana mai tsawo daga Yamai, rabi da Hausa rabi da Faransanci, a kan tsaro da halin da ƙasa ke ciki, ya ƙare da cewa shi ba rago ne damuwarsa ba, ni ne. Ina zaune ni kaɗai, idan na faɗi wa zai sani? Wannan ta taɓa ni, ko da yake kamerar titi take kallo, kuma da na faɗi a tsakar gida da sai dai ya ga awaki.

Washegari unguwa ta turo wakilai, mai unguwa a gaba, malamin mishan, tela, da wasu magidanta huɗu. Suka ce tun da aka kafa ta ko tsinke bai ɓace ba, kuma ba daidai ba ne a bar mutane da yawa a buɗe saboda lungu ɗaya. Magana ce mai ma'ana, kuma malamin mishan ya faɗe ta da gaskiyarsa, domin babur ɗin nan shi ne abincin gidansu. Sai dai biyu daga cikin magidantan na san su a wayata, na san ranar da sa'ar. Su suka fi kowa zafi. Ɗayansu ya ce mai gaskiya ba ya gudun ido, ya dube ni, ni ma na dube shi, muka gyaɗa kai tare. Bayan la'asar ya dawo shi kaɗai, wai ya manta carbinsa. Ya duba ƙarƙashin tabarma, ya duba bayan kujera, sa'an nan ya tambaye ni, a madadin wani abokinsa, ko abin yana ajiye hotunan kwanakin baya, kuma ko ana iya goge su. Na ce masa ya gaya wa abokinsa za a goge.

Na kwana biyu ina juya maganar. Cire ta zai ɓata wa ɗana rai, kuma yana da hujja. Hana kodi na gwada, na ga iyakar ƙarfina. Barinta kuwa yana nufin Yaya ta ƙare kwanakinta tana karɓar tuwo daga hannun wanda ta goya. Na sake kiran mai shagon sola, na ce ya goge duk abin da ta ajiye, ya kwance ta daga bisa ƙofa ya shigo da ita tsakar gida, ya ɗaure a ginshiƙin rumfa, ta fuskanci inda nake shimfiɗa buzuna.

"Baba, nan ai kai kaɗai za ta gani."

"Ni aka ce ana tsaro."

Ya ba ni shawarar a bar wata ta ƙarya a waje, marar waya, don ɓarayi. Ya ce mutane da yawa haka suke yi, kuma tana aiki. Na ce na san za ta yi aiki, shi ya sa ba na so, domin mai ciwo ma ba zai gane ta ƙarya ce ba. Unguwa ba ta ji daɗi ba. Malamin mishan ya koma shigar da babur cikin ɗaki, yana gaishe ni a taƙaice har Kirsimeti ta zo ta gyara tsakaninmu.

Haka na zama abin kallon dangi. Ɗiyata takan kira daga Gaya ta ce, "Baba, likita ya hana ka sukari, mene ne wannan kake zubawa a kofi?" Surukata ta aiko da shawara a kan wankin rigunana. Taubashina ya sa jikansa ya kira ni ranar da barci ya ɗauke ni har la'asar ta kusa fita, ya ce yana da shaida yanzu. Na koyi cin goro ina juya baya, na koyi sosa jiki a cikin ɗaki. Na gane abin da mutanen lungu suka ji, sai dai ni na san masu kallona, kuma suna ƙaunata. Bayan ƴan makonni ma suka gaji. Tsoho a kan buzu bai kai baƙon lungu daɗin kallo ba. Yanzu ɗana ne kawai ke leƙawa da safe, da ɗiyata idan tana zargin sukari.

Lungu dai bai farfaɗo ba. Ramukan kusoshi suna nan a bisa ƙofa, kuma labari ya bazu cewa ban cire ta ba, na sayi wata ce mai gani ta cikin bango. Na rantse a masallaci, aka ce to, Allah ya saka da alheri, aka ci gaba da kauce wa titinmu. Uwar ɗan kasuwan ta rasu da damina. Na je ta'aziyya, ya karɓe ni da mutunci, ya ce Allah ya ba da lada, bai ƙara kome ba, ni ma ban ƙara ba.

Yaya ce ta yanke maganar ba tare da ta shawarce ni ba. Ta sayar da akuyarta, ta kira magini ya fasa katangarta ta baya, wadda ke kallon hanyar da mata ke bi zuwa itace, inda babu gidan kowa balle ɗansa na Yamai. Na ce zan biya aikin. Ta ce a'a. Da na matsa, ta yarda in sayi ƙyauren kawai, ta kuma zaɓi mafi tsada. Ƙofarta ta lungu ta toshe da tubali.

Tun daga ranar ban san mai zuwa wurinta ba. Abin da nake gani ta bisa katanga shi ne hayaƙin murhunta ya koma tashi sau biyu a yini. Takan zagayo ta titi ta shigo wurina wani lokaci, kuma ta gano wata kusurwa kusa da randa inda kamerar ba ta kaiwa, a nan take zama, ba ta matsawa ko taki ɗaya. Wata rana ina cin abinci na kasa haƙuri, na tambaye ta ko mutane sun dawo.

"Ci tuwonka, ƙanena," ta ce. "Ka gyara zama kuma, ana kallonka a Gaya."